Kwalin Takalmin Ardith da Duwatsu Bakwai

Ƙarfe takwas saura kwata take ajiye motarta a bayan tsohon gidan yari, ba a gaba ba, wai don kada ta tare wa baƙi wuri. Alhali akwai makon da baƙin ba sa wuce uku, biyu daga cikinsu ma ban-ɗaki suka shigo nema. Sai ta buɗe ƙofar ƙarfen nan da ba ta buɗuwa sai an sa mata kafaɗa, ta ɗora kofi, ta leƙa tarkunan ɓera. Daga nan ta zauna a ɗakin da a da ake kulle mashaya ran Asabar, ta fiƙe fensir biyu, ta jawo kwali. Shekara arba'in da ɗaya Ardith Vopat ta yi tana wannan, Talata zuwa Juma'a, a gidan tarihin da Ƙungiyar Tarihi ta Gundumar Bramwell ke riƙe da shi. Juma'ar da ta wuce ta miƙa makullai. Gwiwoyinta sun ƙi matakala, ita kuwa ba ta musu da abin da ya zo da hujja.

Kwamiti ya ce in rubuta mata 'yan kalmomi a jaridar mako. Na san irin waɗanda suke so: uwa ce ga kowa, ba a taɓa ganin fushinta ba. Ba gaskiya ba ne. Da idona na ga ta kori wani farfesa saboda ya lashi yatsa kafin ya buɗe shafin rajistar coci. Ni shekara talatin da huɗu na koyar da kimiyya a sakandaren Velka, ban saba ba da maki a kan abin da ban gani ba. Abin da na gani zan faɗa.

Duk wanda ya taɓa zuwa jana'iza a gundumar nan ya san kwalin. Tsoho zai mutu, 'ya'yansa su taho daga Wichita ko Denver, cikin kwana uku su kwashe gidan, mai gwanjo ya ɗauki kujeru da tukwane. Hotuna ne ke rasa mai so, don ba wanda ya san mutanen da ke ciki. Sai a zuba su a kwalin takalmi a ajiye wa Ardith a bakin ƙofa. Ita kuma idan an dawo daga maƙabarta, mutane sun sauka zauren ƙasan coci suna cin burodi da nama da dankali, sai ta bi teburin tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, tana miƙa hoto tana cewa, "Wane ne wannan?"

Na taɓa ce mata wannan rashin ta-ido ne. Ta ce, "Lenora, a ina kuma za ki samu 'yan shekara tamanin har ashirin a ɗaki ɗaya, sun ƙoshi, kuma hankalinsu yana kan matattu?"

Tsofaffin sun saba da ita har tsiya suke mata. Marigayi Elmer Dlabal kan ɗaga hannu tun daga nesa: "Ke Ardith, kada ki zauna kusa da ni. Duk wanda kika yi wa tambaya ba ya kai baɗi."

"Ai shi ya sa nake sauri, Elmer. Sa tabarau."

Ƙa'idarta biyu ce. Ba ta rubuta suna a bayan hoto sai mutum biyu da ba teburinsu ɗaya ba sun faɗi sunan. Kuma da fensir take rubutu, don tawada tana cin takarda, fensir kuwa yana barin hanyar gyara. A ƙasan sunan sai ta sa wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Duk da haka na sha faɗi a taron kwamiti cewa wannan gulma ce aka sa wa kwanan wata, ba tarihi ba. Ƙwaƙwalwar tsoho ba shaida ba ce. Har yanzu ina ganin ina da rabin gaskiya. Ɗaya rabin ne ya sa nake wannan rubutu.

Kun san duwatsu bakwai da suka daɗe a jere a gaban gidan yarin, da allon tagulla mai cewa ragowar shingen farko ne da Kanar Bramwell ya kafa a 1874. A 1961 aka ɗauko su daga filin kiwon arewa na gidan Bramwell, lokacin bikin cikar jiha shekara ɗari. Mu nan dutsen shinge ba abin kallo ba ne. Tun da itace bai taɓa isarmu ba, kowace gona da farin dutse aka kewaye ta. Shi ya sa ba wanda ya taɓa kallon waɗannan sau biyu. Ni kaina kowace shekara ina kawo ɗalibai in tsai da su a gabansu. Na yi shakkar ko Kanar ɗin ya taɓa zama kanar, na faɗa kuma a fili. Duwatsun kuwa ban taɓa shakkarsu ba.

Akwai wata mata a Topeka, Opal Tillery, tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya, da ke rubuto wa ƙungiyar wasiƙa kowace bazara. Iyayenta suna cikin iyalan baƙaƙen fata da suka yi noma a bakin rafin arewa har shekarun fari suka kore su. Mahaifiyarta, Cora, ta rasu a 1937, Opal tana da shekara huɗu, shekarar da ta biyo baya uban ya kwashe su suka bar gundumar. Abu ɗaya take nema: ina kabarin uwarta? Abin da take iya tunawa bai taka kara ya karya ba: tudu, ƙarar famfon iska, wasu furanni ruwan shuni, da ranar da mahaifinta ya ɗora hannunta a kan wani farin dutse. Wanda ya riƙe gidan tarihin kafin Ardith ya ba ta amsa sau ɗaya, cewa babu wata maƙabarta a wajen a rubuce. Ardith kuwa ta amsa kowace wasiƙa, shekara talatin da uku, kuma kowace amsa da magana ɗaya take ƙarewa: ban samu ba tukuna.

Wasiƙar 2016 gajera ce. Likita ya duba zuciyar Opal, ya gaya mata abin da ya gani. Ta rubuta: "Idan kaka ta zo ba a samu ba, ki daina wahalar da kanki."

A wannan bazarar ce kuma Garland Bramwell, tattaɓa-kunnen Kanar, shugaban kwamitinmu, ya shirya haƙa tafkin shanu a filin arewa. Ya yi magana da mai katafila, an sa shida ga Yuni. Ba wanda ya ga abin da ya haɗa zancen biyu, har Ardith.

A watan Afrilu aka yi jana'izar Irma Soukup. Cikin hotunan da Ardith ta zo da su akwai ɗaya da ya yi shekara tara yana yawo ba suna: baƙin mutum riƙe da hula, ƙaramar yarinya ta ɗora hannu a kan dutse, wasu duwatsun a jere, famfon iska can baya. Ran nan an kawo Orval Stejskal daga gidan tsofaffi a keken guragu. Shekararsa casa'in da ɗaya, mafasin dutse ne ɗan mafasin dutse, kuma rabonsa da fita jana'iza an daɗe. Ina teburin, don haka ba labari aka ba ni ba.

Ya kai hoton kusa da hancinsa. Ya ce, "Amos Tillery ne. Yana da alfadarai biyu, duk gundumar ba kamarsu."

Na ga fensirin Ardith ya tsaya: Tillery, sunan mahaifin Opal ke nan.

"Duwatsun fa, Baba Orval? A ina suke?"

"Haba 'yar nan. Kullum da safe kina wuce su."

"Waɗanne?"

"Na ƙofar aikinki mana. Shingen Kanar!" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Shinge, wai. Ke 'yar manomi ce ko ba 'yar manomi ba? Je ki nemo mini hujin wayar shinge ko ɗaya a jikinsu. Babana ne ya fasa su, ya goge fuska ɗaya sumul don a rubuta suna. Wa ke goge wa saniya dutse?"

Ashe shi ya tuƙa motar da ta ɗauko su a 1961, lokacin yana yi wa mahaifin Garland aiki. Ya ce ya faɗa musu duwatsun kabari ne. Mahaifin Garland ya ce masa, "Orval, dutse aka aike ka ɗaukowa, ba wa'azi ba." Da aka zo kafa su, kai aka sa a ƙasa, gindi a sama.

Ni ce na kasa haƙuri. Na ce, "Shekara hamsin da biyar, kana gani, ba ka ce uffan ba?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Malama, a gidan mutumin nake zaune da 'ya'ya biyar. Bayan haka kuma ba wanda ya tambaye ni. Ke da kike kai yara wurin, kin tambaya?"

Ban tambaya ba.

To, ga ƙa'idar mutum biyu, ga shi kuma duk duniya ba na biyun da ya rage. Ran Asabar da safe wayata ta yi ƙara. "Lenora, ki taho da ɗan ceburinki na lambu. Kin ce tsoho ba shaida ba ne. Zo mu tambayi dutsen. Ko ki ga hujja, ko ki ga na ji kunya, duk wanda aka yi dai za ki ji daɗi."

Haka muka durƙusa a gaban gidan yarin, tsofaffi biyu, muna tono. Mai shagon taya ya rage gudu ya leƙo ta tagar mota: "Ardith, fita ake tonowa daga kurkuku, ba shiga ba!" Ko ɗago kai ba ta yi ba. Kafin wannan ni na riga na shafa duwatsun bakwai, kusurwa kusurwa. Babu huji ko ɗaya. Da ramin ya kai tsawon kamu, yatsana ya ji zane. Na sa madubin jakata da tocila a karkace, muka karanta lamba a juye: 1929. A dutse na uku, mai ɓantararriyar kusurwa, haruffa huɗu ne manya, da 1937 a gefensu. CORA.

Taron kwamitin da ya biyo baya bai yi daɗi ba. Garland mutum ne mai sanyin magana, amma ran nan wuyansa ya yi ja.

"Wato kina cewa ubana ɓarawon kabari ne."

"Ina cewa an rubuta Cora a ƙasan dutse na uku. Na bar ramin a buɗe, ka je ka karanta."

"Ko da haka ne. Filin nan eka ɗari shida ne. Famfon iskar an cire shi tun ina ƙarami. Orval da kansa ya ce ba zai gane wurin ba. Ni kuma shanu ɗari biyu nake da su, rijiya ɗaya. Katafila za ta zo ran shida."

Wani ya ba da shawarar a cire allon kawai a yi shiru. Wata ta ce a bari sai bayan bikin gunduma, kada a ɓata wa mutane rai. Ko da niyya aka kifa duwatsun a 1961 ko da wauta, ban sani ba, kuma waɗanda suka sani sun mutu. Abin da na sani shi ne, a ɗakin nan mu tara ne, takwas suna neman hanyar da maganar za ta kwanta. Ardith abu ɗaya ta roƙa: a bar ta ta shiga filin har ƙarshen Mayu.

Furannin da Opal ta ambata take dogaro da su. Kakanninmu, fari da baƙi, airis suke dasawa a kan kabari, furen nan mai ganye kamar takobi, don ba ya neman ban-ruwa kuma shanu ba sa cinsa. Amma sai ya yi fure ake hango shi cikin ciyawa, furen kuma mako biyu yake yi a Mayu ya zube. In ya wuce ta, sai baɗi, baɗi kuma ba wurin, wataƙila ba Opal.

Shekararta saba'in a lokacin. Ta raba filin gida-gida a takarda, kowace safiya kafin ta buɗe gidan tarihi ta taka yanki ɗaya da sandarta, shanun Garland suna binta a baya suna zaton gishiri ta kawo. Kaska ta cije ta ba adadi. Na raka ta kwana biyu, a na uku na ce mata ƙafafuna ba na haya ba ne. A rana ta goma sha ɗaya ta hau wani ɗan tudu a gabashin rafi, ta tarar da shuni a miƙe, layi ɗaya, taku goma sha biyar. Furen daji ba ya fitowa a layi. A cikin ganyen, ƙasa ta lotsa wuri bakwai. A tsakiyar layin kuma ga turke mai jan ƙyalle, na masu awon tafki, daidai inda za a ɗebi ƙasar da za a yi madatsa.

Da ni ce, jarida zan kira, sannan lauya. Ardith gidan Garland ta nufa, ta same shi yana zuba wa maruƙa abinci. Ta ce, "Shiga mota."

Shi ya ba ni sauran labarin, don ita ba ta bayarwa. Ya ce sun tsaya a kan tudun. Ta miƙa masa hoton, ta nuna masa yadda bakin tudun can nesa ya yi daidai da na cikin hoton. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ina yaro na tambayi babana furen nan. Ya ce ciyawa ce." Ya cire hula. Ya sunkuya ya tuge turken da hannunsa.

An haƙa tafkin, amma can ƙasa, inda ya ci wa Garland wahala ninki biyu, ya kuma yi mita yadda ya kamata. Shi ya kwaso duwatsun da taraktarsa. Ardith ta jera su bisa hoton, kai a sama wannan karon, mai ɓantararriyar kusurwa na uku daga hagu, inda hannun yarinyar yake.

A ƙarshen Yuni 'yar ƙanin Opal ta kawo ta. Opal 'yar ƙaramar tsohuwa ce da hular coci, tana numfashi da ƙyar, bakinta kuwa lafiya lau. Ta dubi Ardith ta ce, "Ke ce? Na ɗauka doguwa ce. Shekara talatin da uku kina ce mini tukuna. Har na fara zaton sunan mijinki ne."

Aka ajiye mata kujera, ta ƙi zama. Ta taka da kanta har gaban dutsen, ta ɗora hannu a kai. Mun ja baya. Can sai ta ce, ba da kowa take ba, "Ya fi haka tsawo a da." Da ta gama, ta juya wajen Garland, wanda ke tsaye yana murza hula. Ba ta yi masa maganar ubansa ba. Ta ce, "Kai ne mai filin? Akwai wuri a ƙarshen layin nan?"

Ya ce, "Akwai, Miss Opal."

A Fabrairun da ya biyo baya ta rasu. Duwatsun yanzu takwas ne.

Ardith, ke ce mai fensir biyu. Ke ce kika ɗauki tambayar da kowa ke ganin raini ce, wane ne wannan, kika yi ta yinta shekara arba'in da ɗaya a kan faranti da kofi, har mutum dubu shida da wani abu suka dawo da sunayensu. Ke ce ba ki yarda da allon tagulla ba, ba ki kuma yarda da Orval ba sai da kika tona. Ni ina shakka ina zaune; ke kina shakka da cebur a hannu. Na yi shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane cewa a gwada abu kafin a yarda da shi, ke ce kika nuna mini yadda ake yi, a gaban ƙofar da na fi kowa tsayawa. Na gode. Gundumar nan ma ta gode, ko da yake wasu har yau suna kewar shingen Kanar.

Ku kuma masu karatu, ba taro nake kiranku ba, ba gudummawa nake nema ba. Akwai kwali a gidan kowannenku, a saman kabad ko ƙarƙashin gado. Ku sauko da shi makon nan, ku kai wa wanda ya fi kowa tsufa a danginku, ku tambaye shi, ku rubuta a baya. Da fensir. A gidan tarihin ma akwai sauran hotuna ɗari biyu da sha biyu da ba su da suna, kuma kwalin yana neman mai ɗauka zuwa jana'iza ta gaba. Ba ya da nauyi. Tsiyar tsofaffi ce kawai sai an jure.

Ran Juma'a, bayan ta miƙa makullai, na nemi hotonta don a sa a jarida. Na duba gidan tarihin kaf, ɗaya tak na samu, wanda aka ɗauka ran da Opal ta zo. Ga Opal da hannu a kan dutse, ga Garland da hularsa, ga 'yar ƙanin, ga ni ina yamutsa fuska saboda rana. Can gefe akwai rabin mace, riƙe da kujerar da aka ƙi zama a kai. Na juya bayan hoton. Ta rubuta sunan kowa, har na Cora. Nata ne babu.

Na kira Garland ya duba, ya ce ita ce. Ni ma na ce ita ce. Mutum biyu ke nan, kuma ba a taɓa ganinmu a teburi ɗaya a jana'iza ba. Na ɗauki ɗaya daga fensiranta na rubuta.